Raɓar da Ta Ci Ƙarfe

Kan bututun hayaƙin matatar kwalta ta Watugeni ya faɗo da hantsi, ana tsakiyar aiki. Guntun ƙarfe ne da ya fi mutum biyu tsawo. Ya keta rufin rumfar babura, ya sauka a kan ƙafafun wani mai shara da ake kira Sarmin, wanda ya sunkuya yana kwashe ganye. An ji ƙarar har bakin teku, inda masunta ke ɗinkin koma.

Kafin Sufeto Harjito na 'yan sandan garin Tuban ya iso, an wuce da Sarmin asibiti, an kashe tanderu, ma'aikata sun yi cirko-cirko. Harjito ya tsuguna gaban guntun ya danna bakin inda ya karye. Ƙarfen ya ɓare a hannunsa kamar ɓawon gyaɗa. Cikinsa jiƙe yake da wani danshi rawaya-rawaya, kuma da danshin ya taɓa wani ɗan yanka da ke yatsansa sai ya ji raɗaɗi har ƙwaƙwalwa.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Pak Sufeto," wani ya ce daga bayansa. Manajan matatar ne, Pak Lukito, mutumin Jakarta, mai takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba. Pak shi ne Malam a ƙasarsu, Bu kuma Malama. "Mun san wadda ta jawo mana."

"Madalla, ka rage mini aiki. Wace ce?"

"Injiniyarmu, Bu Kinasih. Shekara da shekaru hayaƙin nan yana fita da zafin digiri ɗari biyu da ashirin, ko ƙusa ba ta taɓa faɗowa ba. Ta zo ta ce ɓarnar mai muke yi, ta sauke shi zuwa ɗari da hamsin. Ga sakamakon nan kwance a ƙasa. Tun ɗazu na dakatar da ita."

Wa bai san Kinasih ba a Tuban? 'Yar mai sayar da busasshen kifi ce a kasuwa, ta tafi Surabaya ta yi karatun injiniya, ta ƙi aikin ƙasar waje ta dawo gida. Mutanen Tuban ba su iya yabon mutum a gaban idonsa ba, amma duk yarinyar da ta ƙi makaranta da sunan Kinasih ake yi mata gori. Idan maganar manaja ta tabbata, sakaci ne da ya nakasa mutum. Kotu ke nan, da gidan yari, kuma ba za ta sake taɓa tanderun kowa ba har abada. Harjito ya goge yatsansa a wando. Bai son laifin da ake kawo masa a dafe.

Ya same ta a barandar gidan uwarta, cikin warin kifi, tana zaune ƙyam kamar ana ɗaukarta hoto. Idanunta sun yi ja. Daga asibiti take.

"Ƙafa ɗaya za a iya gyarawa," ta ce tun bai tambaya ba. "Ɗayar sun ce sai an yanke."

"Bu Kinasih, ni ba injiniya ba ne. Yi mini bayani yadda za ki yi wa mahaifiyarki."

"Mahaifiyata ta fi manaja saurin ganewa." Ta turo masa kofin ruwan giginya mai ƙanƙara. "Tanderu yana ƙona baƙin mai don ya dafa kwalta. Duk zafin da ya bi hayaƙi ya fita sama, mai ne aka ƙona a banza. Na sa na'urar da ke ƙwace zafin nan kafin ya fita, ta ɗumama iskar da wuta za ta sha. Shi ya sa ya sauko."

"Me ya hana ki sauke shi zuwa hamsin, ki ƙwace duka?"

"Taɓa jikin kofinka."

Ya taɓa. A jiƙe yake.

"Haka hayaƙi yake yi idan ya yi sanyi ya wuce iyaka, raɓa yake saukewa a jikin ƙarfe. To a cikin baƙin mai akwai farar wuta. Idan ta ƙone ta haɗu da tururi, raɓar nan ba ruwa ba ce, ruwan batir ce. Gwargwadon yawan farar wutar, gwargwadon saurin saukar raɓar. Man da muke saya farar wutarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, raɓarsa ba ta sauka sai zafi ya faɗo wajen ɗari da ashirin da biyar. Na bar tazarar ashirin da biyar saboda damina da iskar teku, don suna sanyaya kan bututu. Ba a kasuwa na tsinci ɗari da hamsin ba, Pak Sufeto. Na tara ma'aikata kaf na yi musu wannan bayanin, da kofi irin wannan."

"To me ya ci bututun?"

"Ɗayan biyu ne. Ko wani ya sauke zafin ƙasa da abin da na ce, ko man da ake ƙonawa ba shi ne wanda aka ce mini ana ƙonawa ba." Ta ɗago ta dube shi. "Ko kuma na uku, ni ce na yi kuskure. Tun da na ga ƙafar Pak Sarmin nake sake lissafin. Kullum ɗari da hamsin yake ba ni, amma na fara tsoron kaina."

Wannan maganar ta ƙarshe ta tsaya wa Harjito a rai, don ya san mai gaskiya ne kaɗai yake saka kansa cikin jerin waɗanda ake zargi.

Ya fara da abu mai sauƙi. Ya sa aka cire ma'aunin zafin bututun aka kai wa masu gwada ma'auni, suka ce lafiyarsa ƙalau, bai yi ƙarya ko da digiri biyu ba. Na'urar da ke ɗakin masu kula da tanderu kuma ta nuna zafin bai taɓa sauka ƙasa da ɗari da hamsin ba. Saura mai. Harjito bai aiki kowa ba. Ya hau babban tankin matatar da ƙafarsa, da tumbinsa da komai, ya zura kwalba da igiya ya cika biyu. Ɗaya ya aika ɗakin gwajin 'yan sanda a Surabaya. Ɗayar ya ajiye a ofis, bai ce wa kowa uffan ba sai da amsa ta dawo. Farar wuta kashi uku da rabi cikin ɗari, irin man da tsofaffin jiragen ruwa ke sha.

Ashe sata ce. Ana sauke mai nagari a hanya, a cika tanka da mai arha, a kawo wa matata. Kamfanin da ke jigilar man, in ji manaja, sabo ne, bayan Maulidi ya fara aiki da su. Da 'yan sanda suka je ofishinsa a Gresik sai suka tarar da kwaɗo a ƙofa, direbobi kowa ya kama gabansa. Amma ɓarayin hanya ba za su ci nasara ba sai da ɗan gida, domin kowace tanka sai an ɗebi kwalba an gwada kafin a juye ta. Kwalbar nan hannu uku take bi. Pak Haji Darmaji, shugaban tankuna, shi ke karɓarta daga direba ya liƙe bakinta. Mas Gunadi, mai kula da tanderu, shi ke ɗaukarta a babur ya kai ɗakin gwaji. Mbak Yuniarti ita ke gwadawa. Mas da Mbak laƙabin girmama matasa ne, namiji da mace.

Ya fara da Yuniarti, wata 'yar siririya mai tabarau da kaifin baki.

"Daga tankinku na ɗebo wannan," ya ce, ya dire mata kwalba ta biyu. "Cika ƙa'ida ne kawai. Abin da kika rubuta shi zan kai kotu, ba wanda zai sake dubawa."

"Ni ba na cika ƙa'ida, aiki nake yi. Zauna a waje, kada ka taɓa mini komai."

Ya zauna a benci. Bai gama sigarinsa ba ta fito a guje, tabarau a hannu, fuskarta ta yi fari fat.

"Uku da rabi! Na maimaita, uku da rabi! Wane la'ananne ne ya zuba mana wannan?"

"Ke ce kike gwada kowace tanka."

"Abin da aka kawo mini nake gwadawa. A liƙe yake zuwa, ban taɓa ganin tankar da ido ba." Ta zauna daɓas a gefensa. "Wallahi ni ce na yi sakaci. Tun bayan Maulidi kwalaben nan suke zuwa iri ɗaya sak. Mai ba ya haka, kowace tanka da ɗan bambancinta. Ni kuwa har yabon kamfanin nake yi."

Harjito ya cire ta daga lissafi. Ya buɗe mata ƙofar ƙarya har bango, ya ce ba mai dubawa, ta ƙi shiga. Lambar da ta faɗa ita ce ta Surabaya.

Pak Haji Darmaji ya karɓe shi da la'asar a gidansa na unguwar ma'aikata, wadda ke kwance daidai inda iskar teku ke kora hayaƙin matata. Dattijo ne mai farar hula da sanyin murya, shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya, shi ya haɗa gudummawar da aka kai wa iyalin Sarmin. Kowane gida a unguwar da doguwar gorarsa a tsakar gida, wadda ake jan kejin kurciya sama da igiya don ta sha hantsi ta yi kuka. Ta Pak Haji ba gora ba ce, gogaggen katako ne, ta kuma fi kowace tsawo. Matarsa ta kawo kofi da soyayyar ayaba.

"Direba ne ke hawa ya ɗebo, ɗana," ya ce. "Ni gwiwa ta ƙi. Ina tsaye ina kallo, ya miƙo, in liƙe, in ba Gunadi. Abin da ke faruwa tsakanin tanki da ɗakin gwaji, Allah ne masani. Ba na zargin kowa."

"Bu Kinasih fa?"

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ranar da ta yi mana darasi a gaba na zauna. Amma ka san yaran yanzu, takarda daban, wuta daban. A yi mata sassauci, ba da gangan ta yi ba."

Harjito ya sha kofinsa ya yi godiya. Bai ce masa an gano man bogi ko ba a gano ba, dattijon kuma bai tambaya ba.

Gunadi kuwa tun daga nesa ya yi kama da mai laifi. Gumi yake yi, yana murza hula, ga sabon babur a ƙofar ɗakin aiki. An tambayi kowa inda yake lokacin da bututu ya faɗo, shi kaɗai ya ba da amsa iri biyu.

"Ka ce kana banɗaki. Abokin aikinka ya ce ya ga ka fito daga bayan tankin ruwa. Me ke bayan tankin ruwa?"

"Ba komai, Pak."

"A nan kake canza kwalba?"

"Wace kwalba? Na rantse da..."

"Bar rantsuwa, tashi mu je."

A bayan tankin ruwa, ƙasan bututun kaɗan, akwai wata gajeriyar gora da aka kafa a ɓoye, da keji a rataye. Kurciyar da ke ciki ta takure, gashinta ya yi buzu-buzu, tana buɗe baki ba sauti. Ƙyallen da ake rufe kejin ya huhhuje da ƙananan ramuka, kai ka ce da allura mai zafi aka bi shi.

"Don Allah kada manaja ya ji, korata zai yi," in ji Gunadi, ƙwalla ta cika masa ido. "Matata ce ta ce in na ƙara kawo tsuntsu gida, in zaɓa ko ita ko shi. Shi ne na ɓoye ta a nan."

"Ka zaɓi duka biyu ke nan. Baburin fa?"

"Bashin banki ne, Pak. Je ka duba fentinsa, ya yi zanzana, ko wata shida bai yi ba. Kurciyar ma tun da ruwa ya sauka muryarta ta dushe. Na ba ta zuma, na ba ta ganye, na kai ta wurin mai addu'a. Ba ita kaɗai ba, unguwarmu kaf haka ne. A gasar kukan kurciya da aka yi bayan saukar ruwa mun sha kunya, mutanen Lamongan har tambayarmu suke ko agwagi muka kawo. Pak Haji ne kawai Allah ya kuɓutar, ya kai kurciyarsa Mendung ƙauye wurin yayarsa ta sha iska."

Harjito ya juyo a hankali. "Mendung da ta ci gasa sau uku?"

"Ita fa."

"Yaushe ya kai ta?"

"Kafin Maulidi. Na tuna, don ni na riƙe masa kejin ya hau mota. Gasa saura ƙiris, muka yi ta roƙonsa, ya ce bana hutu za ta yi."

Mahaifin Harjito ya yi kiwon kurciya har ya mutu, kuma a gidan nan an fi lallashin tsuntsu a kan 'ya'ya. Abu na farko da ɗan mai kurciya yake sani shi ne ba a raba ta da gorarta. Ka canza mata wuri, ta yi fushi ta rufe baki wata da watanni. Mutumin da ya kafa katako mafi tsawo a unguwa don duniya ta ji muryar tsuntsuwarsa ba zai ɗauke ta gab da gasa don shan iska ba. Gunadi kuma ya fita daga zargi, domin wanda ya san abin da ke cikin hayaƙin nan ba zai rataye abin da ya kusa sakin mata a kansa a ƙarƙashin bututu ba.

Washegari da safe Harjito ya ɗauki ɗan sanda ɗaya suka hau tudun Montong, ƙauyen yayar Pak Haji, cikin dajin katako. Tun kafin su kashe mota ya ji Mendung. Kuka ne mai zurfi, mai ja, da ɗan karkarwa a ƙarshe, irin wanda mahaifinsa zai ajiye cokali ya saurara. Harjito ya tsaya ya ji har ta kai aya, don laifin mai ita bai shafe ta ba.

Yayar Pak Haji tsohuwa ce mai fara'a, ta shimfiɗa musu tabarma. Harjito ya yabi tsuntsuwa, ya yabi iska, sannan ya tambayi duron da ya hango a rumfar bayan gida an lulluɓe da buhu.

"Na ƙanena ne, ya ce kada yara su taɓa. Duk Juma'a in ya zo ganin Mendung sai ya cika 'yan kwalabensa ya tafi. Wai maganin gara ne."

A gefen duron akwai kwandon kwalabe sababbi, da abin liƙe baki mai tambarin matata.

Washegari aka taru a ofishin manaja. Pak Lukito yana bayan teburinsa, Pak Haji Darmaji a kujera mai laushi da carbi a hannu, Yuniarti da Gunadi a tsaye. Kinasih ta zo don Harjito ya aika mata, ta ƙi zama.

"Bututu bai faɗo don zafin hayaƙi ya yi kaɗan ba," in ji Harjito. "Ya faɗo don an canza mai. Ɗari da hamsin daidai ne ga man da kuka biya. Wanda aka kawo muku kuwa farar wutarsa ta ninka sau bakwai, raɓarsa tana sauka tun a ɗari da hamsin ɗin, balle a kan bututu inda ruwan sama ke dukan ƙarfe. Ta ci wajen haɗin, iskar teku ta ƙarasa. Mbak Yuniarti ba ta gani ba, don kwalaben da ake kai mata duk daga duro ɗaya suke, na mai nagari. Ta gwada na duron jiya."

"Shi ne sak," in ji Yuniarti. "Ko a mafarki na gan shi zan gane shi."

"Duron yana Montong, Pak Haji, a rumfar yayarka. Direba ya miƙo maka kwalbar gaske, ka sa a aljihu, ka ba Gunadi wadda ka zo da ita daga gida."

Carbin ya tsaya. "Duro ai kowa yana iya ajiye duro. Gidan a buɗe yake, ɗana. Wani ne yake so ya ɓata mini suna."

"Zai yiwu. Shi ya sa ban dogara da duro ba. Sabon kamfanin jigila bayan Maulidi ya fara kawo mai. Tsuntsaye ba su fara dushewa ba sai da ruwa ya sauka. Kai kuwa kafin Maulidi ka ɗauke Mendung, gab da gasa, lokacin da hayaƙin nan bai taɓa cutar ko sauro ba. Me ka sani a lokacin wanda duk Tuban ba ta sani ba?"

Gunadi ya saki baki yana kallon mutumin da ya riƙe wa keji.

"Ka ce a gaba ka zauna ranar darasi. Na yarda. Ka ji abin da farar wuta take yi, ka san inda iska ke kai hayaƙi, ka lissafa daidai. Ka tsame tsuntsuwarka, ka bar maƙwabtanka da 'ya'yansu a ciki, ka bar Sarmin yana shara a ƙarƙashi."

"Ban zaci zai faɗo ba," Pak Haji ya ce da ƙyar. Sanyin muryar nan ya tafi, saura ta tsoho kawai. "Na ɗauka tsatsa zai yi a hankali, in yi ritaya, a canza shi. Masu jigilar sun ce mini damina ɗaya ce kawai." Ya ɗago ido. "Pak Sufeto, yayata ba ta iya haɗa mata gero ba. Wa zai kula da Mendung?"

"Tun da na shigo nake jira ka tambayi ƙafar Sarmin," in ji Harjito. Ya yi wa ɗan sandan da ke ƙofa alama.

Da aka fita da shi, manaja ya yi gyaran murya, ya gyara abin da bai karkace ba a kan tebur, ya ce dakatarwar nan dama ta wucin gadi ce, kowa ya san ƙwazon Bu Kinasih. Ita ba ta ko dube shi ba. Harjito take kallo.

"Ba kuskurena ba ne," ta ce a hankali, kamar mai tambaya.

"Bu, duk matatar nan mutum ɗaya ne ya yarda da lissafinki ɗari bisa ɗari, har ya sadaukar da gasa a kansa. Yanzu aka fita da shi da ankwa."

Ta rufe ido. Da ta buɗe, jan da idanun suka yi ya tafi, kuma Harjito ya ji ƙirjinsa ya cika, irin cikar da mutum ke ji idan ɗan garinsu ya tsaya da ƙafarsa a gaban baƙo.

"To, sai maganar sabon bututu," in ji manaja, yana jawo takardar 'yan kwangila. "Suna jiran lambar zafin hayaƙi. Ina ganin mu mayar da shi ɗari biyu, don hankalin mutane ya kwanta. Shugabanni a Jakarta ma za su fi..."

"A ƙona mai a banza don wani ya yi sata? A'a. Daga yau Mbak Yuniarti za ta hau tanka ta ɗebo da hannunta, ina tsaye. Kuɗin asibitin Pak Sarmin da ƙafar roba da albashinsa har ya tsufa, a rubuta su yau, kafin lambar."

"Za a yi, za a yi. Amma ko digiri goma ba za ki ƙara ba?"

"Ko ɗaya." Ta sa yatsa a kan takardar, daidai inda aka bar fili. "Rubuta ɗari da hamsin. Ka sa sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, yadda in ya sake faɗowa ba sai an wahalar da Pak Sufeto wajen neman mai laifi ba."